Manhajar Koyon Girki

Manhajar koyon girki manhaja ce ta waya ko ta kwamfutar hannu da ake tsarawa domin ta raka wanda bai iya girki ba, tun daga zaɓen abin da zai dafa har ya sauke tukunya. Ta bambanta da rumbun girke-girke, wato shafi ko manhajar da ke tara dubban hanyoyin dafa abinci ga wanda hannunsa ya riga ya faɗa. Shi gwani, jerin kayan haɗi da layi biyar sun ishe shi. Sabon shiga kuwa, abin da ya rasa shi ne wanda zai tsaya kusa da shi ya ce masa "rage wuta" ko "bari tukuna, bai yi ba". Gurbin wannan mutum ne mai tsara manhajar yake ƙoƙarin cikewa.

Asali

Tsofaffin littattafan girki na Turai an rubuta su ne don waɗanda suka riga suka iya, shi ya sa ba kasafai suke faɗin adadi ko lokaci ba. A 1845 wata 'yar Ingila, Eliza Acton, ta fitar da littafin da ya jera kayan haɗin kowane girki da yawansu da tsawon lokacin dahuwa. A 1896 Fannie Farmer ta birnin Boston a Amurka ta dage a kan awo da kofi da cokali shafaffe, ba mai tozo ba. Kusan duk manhajar girki ta yau a kan wannan tsari take tafiya.

Da intanet ta zo, shafin girke-girke na Epicurious ya buɗe a 1995, Allrecipes ya biyo baya a 1997, shekarar da aka kafa kamfanin Cookpad a Japan. Buɗe App Store na Apple a watan Yulin 2008, da kasuwar manhajojin Android a watan Oktoban wannan shekara, shi ya shigar da girke-girke cikin aljihu. A 2015 kamfanin BuzzFeed ya ƙaddamar da Tasty, mai gajerun bidiyoyi da ake ɗauka daga sama, hannuwa da tukunya kawai ake gani. Salon ya jawo mutane da yawa zuwa kicin, sai dai yana da illa ga ɗan koyo: aikin awa guda yakan wuce a minti ɗaya, sai mai kallo ya ɗauka shi ne mai nawa.

Tsara matakai

Nan ne aikin yake da nauyi. Umarni kamar "a soya albasa har ta yi laushi" cike yake da abubuwan da marubucin ya ɗauka kowa ya sani: yawan mai, ƙarfin wuta, girman yanka, da kamannin laushin kansa. Manhaja mai kyau takan warware wannan jimla ɗaya zuwa matakai uku ko huɗu, kowanne a fuskar waya guda, aiki ɗaya tak, tare da adadin abin da za a zuba a daidai wurin. Kada a ce "zuba gishirin" a bar mutum ya koma sama neman nawa ne, alhali mai yana kan wuta.

Lokaci shi kaɗai ba ya isa. Murhun gas da na lantarki ba sa ba da zafi iri ɗaya, tukunya mai kauri da mai sirantaka ba sa riƙe shi iri ɗaya, ko ruwa ma ba ya tafasa a ma'auni ɗaya ko'ina: a bakin teku yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin Celsius, a wuri mai tudun mita 2,000 kuwa wajen digiri 93, don haka dahuwa takan ƙara jinkiri. Saboda haka ake haɗa kowane minti da alama da ido ko hanci ko kunne zai iya kamawa: albasa ta daina fari ta fara sheƙi, mai ya fara ƙara da zarar an jefa ɗan yanki, ƙamshi ya tashi kafin ya koma ƙauri. Bidiyo na daƙiƙa biyar da ke nuna bambancin ruwan da ke ɓararraka da wanda ke tsastsafowa a hankali ya fi sakin layi guda amfani. Hoton abin da ya lalace ma yana koyarwa, kuma abin takaici ne yadda manhajoji da yawa ba sa nuna shi.

Gaskiya a kan lokaci wajibi ce. Soya albasa a ƙaramar wuta har ta yi ja ta yi zaƙi yakan ci minti 30 zuwa 45, amma sau da yawa ana rubuta minti goma. Haka lokacin yanke-yanke: abin da gwani zai gama cikin minti biyar, sabon hannu zai iya kai minti ashirin. Shi ya sa manhajojin koyo suke sa a gama wanki da yanka da awo kafin a kunna wuta, abin da masu girkin Faransa ke kira mise en place.

Ɗan bayanin dalili a gefen mataki yana mayar da mai bin umarni mai fahimta. Idan aka ce kada a cika kasko da nama, a faɗi cewa cunkoso yana tara tururi, zafin ya kasa wuce na tafasar ruwa, alhali launin ja da ɗanɗanon suya sai zafi ya kai wajen digiri 140 suke samuwa. Wannan sauyi shi ne wanda masanin Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912. Wanda ya gane haka sau ɗaya zai yi amfani da shi a duk suyar da zai yi.

Ma'auni

Kofi ba ɗaya ba ne a duniya. Na Amurka wajen mililita 237 ne, na Ostareliya 250, na Japan 200. Babban cokali mililita 15 ne a yawancin ƙasashe, amma 20 ne a Ostareliya. Kofin fulawa kuma yakan kama daga giram 120 zuwa sama da 150, ya danganta da yadda aka danna ta. Don haka manhaja takan ajiye adadin a giram da mililita, ta nuna wa kowa a ma'aunin da ya zaɓa. Madannin ƙara yawan masu ci yana da nasa tarko: ninka kayan haɗi ba ya nufin ninka lokaci, kuma lissafin da zai ce a fasa ƙwai 1.3 bai taimaki kowa ba.

Waya a kicin

Mai girki hannunsa a jiƙe yake ko da maiƙo, wayar kuma tana jingine nesa da fuskarsa. Daga nan sauran sharuɗɗan suka fito: manyan haruffa, fuskar da ba ta mutuwa ana tsakiyar aiki, agogon ƙidaya da ke cikin matakin kansa, da damar kunna agogo biyu ko uku a lokaci guda kowanne da sunansa. Ƙa'idar Apple ta ce kada madanni ya gaza maki 44 (ma'aunin girma a fuskar waya) a tsawo da faɗi, ta Google ta ce 48, amma a kicin gara ya zama rabin fuskar wayar ne ake taɓawa ko da gwiwar yatsa. Umarni da murya yana taimakawa, ko da yake ƙarar suya da ta famfo sukan rikita shi. Talla da ke faɗowa ta rufe mataki tana iya jawo ƙonewar abinci. Ya kamata kuma girkin da aka buɗe ya ci gaba da aiki ko intanet ta ɗauke.

Wajen zaɓen abin dafawa, kaɗan ya fi yawa amfani. Girki ashirin da aka jera daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kowanne yana ƙara dabara ɗaya, ya fi dubu goma da aka zube wa mutum a gaba. Binciken da ke farawa da abin da mutum yake da shi a gida, da shawarar abin da zai maye gurbin wanda babu, suna hana a fasa tun kafin a fara.

Lafiyar abinci

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 ne ke rashin lafiya kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 kuma suna mutuwa. Sabon shiga bai san inda haɗarin yake ba, don haka ba a ɓoye gargaɗi a wani shafi daban. Ana sa shi cikin mataki: wanke hannu da wuƙa da katakon yanka bayan taɓa ɗanyen nama, kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a waje, ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 5 da 60. Ma'aikatar noma ta Amurka ta sa digiri 74 a matsayin zafin da cikin naman kaza zai kai. Haka batun abincin da ke tayar wa wasu borin jini: dokar Tarayyar Turai ta lissafa nau'i 14, ta Amurka 9 bayan da aka ƙara riɗi a 2023. Manhaja takan tambayi mai amfani tun ranar farko, ta kuma tace girke-girken da za ta nuna masa.

Gwaji

Ba a gwada irin wannan manhaja a kan tebur. Ana ba wanda bai taɓa girki ba waya da kayan haɗi a kicin na gaske, mai tsarawa ya koma gefe ya yi shiru, yana rubuta duk inda mutumin ya tsaya, ya koma baya, ko ya ɗago kai yana neman wanda zai tambaya. Masanin sauƙin amfani da manhaja Jakob Nielsen ya nuna a 2000 cewa mutum biyar sun isa su fito da mafi yawan matsalolin tsari a zagaye ɗaya. Bayan an gyara, sai a nemo wasu sababbin hannu biyar, domin na farko sun riga sun koyi girkin.