Kuɗin sauyin yanayi: ina biliyoyin da ake ta faɗa a rediyo?

A majalisarmu ta bayan la'asar, a wani ƙauye kusa da Auyo, da zarar rediyo ta ambaci biliyoyin dalar sauyin yanayi sai ka ji wani ya ja tsaki. Ga tambayoyin da suka fi yawo a bakin mutane.

Wane kuɗi ne, kuma don me za a ba mu?

Ba sadaka ba ce. In shanu suka shiga gonarka, mai shanun ne ke biyan ɓarna. Turai da Amurka sun fi shekara ɗari suna ƙona kwal da fetur har suka yi arziki, hayaƙin kuwa ya ɗumama duniya. Abin da Afirka gaba ɗaya ke fitarwa bai kai kashi 4 cikin ɗari ba, amma mu ne ambaliyar 2022 ta shanye wa shinkafa daga Ringim har Haɗeja.

Nawa aka yi alƙawari?

A taron duniya kan sauyin yanayi da aka yi a birnin Kofanhegan a 2009, ƙasashe masu arziki sun ce kafin 2020 za su riƙa ba da dala biliyan 100 duk shekara. OECD, ƙungiyar da galibin mambobinta ƙasashe masu arziki ne, ta ce sai a 2022 adadin ya cika. A 2024, a birnin Baku, ƙasashe masu tasowa suka nemi dala tiriliyan 1.3 duk shekara, aka tashi a kan biliyan 300 duk shekara nan da 2035. Wakilan Najeriya da Indiya ba su ɓoye ɓacin ransu ba.

Tunda an fara biya, me ya hana yarda?

Nan gizo ke saƙa. Mafi yawan kuɗin da gwamnatocin ƙasashe masu arziki suka ƙirga bashi ne, ba kyauta ba. Mai shanu ya cinye maka gero, sannan ya ranta maka kuɗin iri, ya kuma rubuta a littafinsa cewa ya biya diyya. Ko shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar noma a jihohin Arewa 19 da Abuja, dala miliyan 700 ɗinsa rancen Bankin Duniya ne, mai sauƙin ruwa dai, amma jikokinmu za su biya. Ga kuma sauyin gwamnati: a Janairun 2025 Trump ya sa hannu Amurka ta fice daga yarjejeniyar Paris ta rage ɗumamar duniya, karo na biyu ke nan.

Su ƙasashe masu arzikin fa, me suke cewa?

Suna cewa Sin da Saudiyya sun yi ƙarfi, su ma su sa hannu a aljihu. Suna kuma tambayar inda kuɗin ke maƙalewa in ya iso. A nan kam ba zan kare mu ba. Na ga dashen itatuwa a bakin hanya, an kafa allo, an ɗauki hoto, babu shinge, babu mai ban ruwa. Kafin kaka awaki sun gama da su, allon ne kawai ya rage.

Wanda ruwa ya ci gonarsa zai ga wani abu a hannu?

Akwai asusun biyan asara da aka amince da shi a Masar a 2022. Alƙawuran farko da aka yi masa a Dubai a 2023 kusan dala miliyan 700 ne, na duniya baki ɗaya. Kuɗin ta hannun gwamnatoci da hukumomi yake bi. In zai iso nan, za mu gan shi ne a jinga mai ƙwari da yashe ciyawar kachala da ta toshe kogin Haɗeja.