Aksolotil ɗin ƙanina ya daina cin abinci: tambayoyin da ya yi min da abin da na ce masa

Ƙanina ne ya dawo daga Kano da wata dabba a roba, fara sol mai jan geza a wuya, wai aksolotil. Tsoffin gidanmu har yau ƙadangaren ruwa suke ce masa. Ya ci abincinsa lafiya lau duk tsawon hunturu, ana shiga Maris sai ya kafe, ko tana ka kai masa baki sai ya kau da kai. Ga yadda muka yi da yaron.

Yaya, wai shi kifi ne ko me?

Ba kifi ba ne, dangin su kwaɗo ne, sai dai shi baya girma ya fita tudu, kamar talibambam ne da ya ƙi zama kwaɗo har tsufa. Gezar nan uku-uku da ke gefen kansa da ita yake numfashi. Asalinsa tafkin Xochimilco ne a birnin Meziko, kan tudu ne mai sanyi, kuma can ɗin ma ya kusa ƙarewa. In ya samu kula yana kai shekara 10 zuwa 15.

To me ya hana shi ci?

Zafi. Na ce maka zafi ne tun kafin in ga ruwan. Wannan dabba ruwa mai digiri 16 zuwa 18 take so, in ya wuce 20 ta fara takura, in ya haura 24 ya daɗe a haka to ana maganar mutuwa ne ba ƙin abinci ba. Mu kuma nan Jigawa a Afrilu rana tana wuce 40, ɗakin kwano kamar tanda, kai kuma ka je ka ɗebo masa ruwa daga baƙin tankin nan na burtsatse da ya wuni a rana, ruwan da ko alwala da shi sai ka ji ɗumi, ka zuba masa kana cewa ka canza ruwa. Da muka tsoma ma'aunin zafi 27 ya nuna. Ka duba shi da kyau, gezar ta lanƙwaso gaba, ƙarshen jelar ya naɗe kamar ƙugiya, waɗannan su ne alamar ya galabaita.

Ba mu da wuta, ya zan sanyaya ruwan?

Nan ne aikin yake gaskiya. Ka fara ɗauke shi daga jikin taga ka kai shi ɗakin ƙasa na Inna, ya fi ko'ina sanyi a gidan nan, kuma shi dama baya son haske don ba shi da fatar ido. Ruwan da za ka canza masa ya kwana a randa tukuna. Ka sa ƙaramar fankar sola tana hura saman ruwan, tana ɗan ragewa. Sai ƙanƙara, ka sayi wadda ke cikin gora a rufe ka ɗora ta tana yawo a kai, kar ka fasa ta a ciki, in ta narke ka sa wata. Abin da ban so shi ne ka jibga ƙanƙara da safe ruwa ya faɗo ƙasa, da azahar ya koma 27, wannan hawa da saukar ma wahala ce a kansa. Da kaɗan-kaɗan, ma'auni a hannu.

Ruwan ai garau yake, shi ma yana da laifi?

Garau a ido. Kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe suna zama amoniya, ba a ganinta amma tana ƙona masa geza da fata, kuma da zafi ta fi illa. Masu kiwon tarwaɗa sun san wannan. Tunda ba ka da abin gwaji, ka mayar da shi baho mai tsafta wanda sabulu bai taɓa ba, kana canza ruwan duka kullum da wani mai sanyi ɗaya da shi. In ruwan famfo ne na gari akwai kulorin, sai an sa maganin cire shi. Filtar nan, na'urar tace ruwa, mai bugun ruwa da ƙarfi ma ka rage ta, ruwan kwance yake so.

Tsakuwar da na zuba masa don ado fa?

Kwashe ta yau ɗin nan. Shi zuƙo abinci yake yi, duk abin da bai kai girman kansa ba zai iya haɗiyewa, tsakuwar ta toshe masa ciki. In ka ga cikin ya kumbura, kwana da kwanaki ba kashi, ko bayansa yana tasowa sama ya kasa nutsewa, ka zargi wannan.

In ɗura masa abinci ne?

Haba, a'a. Babba dama sau 2 ko 3 ake ba shi a sati, kuma yana iya yin sati ko fiye bai ci ba bai mutu ba. Ka gyara ruwan ka ba shi kwana biyu, sannan da magariba ka gutsura tana ƙanana ka kai masa gaban baki, a haƙo ta bakin fadama inda ba a yi feshi ba, a wanke. In bai ɗauka ba ka cire, gobe ka sake. Kar ka dinga damƙarsa da hannu kana nuna wa abokai.

Yaushe zan nemi likita?

In wani farin abu kamar auduga ya fito masa a geza, ko gezar tana zubewa, ko ya rame har kan ya fi cikin faɗi sosai, ka ɗauki hoto ka kai wa likitan dabbobi a Dutse ko Kano. Maganin kifi kar ka zuba da ka, fatarsa tana shanye komai.

Namu dai a kwana na biyar a ɗakin Inna ya cafke tana ɗaya, ma'auni yana 21. Yanzu kuɗin ƙanƙara ne rigimar, don na ce ba daga aljihuna ba, kuma damina da saura.