Ƙirar Kayan Ado na Zinariya da Lu'ulu'u da Yadda Ake Yanke Farashinsu

Ƙirar kayan ado na zinariya da lu'ulu'u sana'a ce ta narka zinariya, a gauraya ta da wasu ƙarafa, a sarrafa ta da hannu ta zama sarƙa, zobe, 'yan kunne, warwaro ko abin wuya, wani lokaci kuma a dasa mata dutsen lu'ulu'u, wanda 'yan kasuwa ke kira daimon. A rabon sana'o'in Hausawa, mai wannan aiki yana cikin maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla da zinariya, ba maƙeran baƙi masu ƙera fartanya da gatari ba. Kuɗin da mai saye ke biya ya ƙunshi abubuwa uku da halinsu ba ɗaya ba ne: nauyin zinariyar, ladan aikin maƙeri, da darajar dutsen. Na farkon ne kaɗai ke da farashin da kowa zai iya dubawa a kowace rana, kuma shi ne ke dawowa hannun mai kaya ranar da ya tashi sayarwa.

Tsarkin zinariya

Tsantsar zinariya tana da laushi ƙwarai, har ana iya buga giram ɗaya ya baje ya kai faɗin murabba'in mita guda. Wannan laushin ne ya sa ba a cika yin kayan sawa na yau da kullum da ita zalla ba, don za ta lanƙwashe, ta kuma kasa riƙe dutse. Sai a haɗa ta da jan ƙarfe ko azurfa ta yi ƙwari.

Ana auna tsarkinta da karat, inda 24 ke nufin tsantsa. Karat 22 na ɗauke da zinariya kashi 91.6 cikin ɗari, karat 21 kashi 87.5, karat 18 kashi 75, karat 14 kuma kashi 58.5. Daga nan aka samo lambobin da ake bugawa a cikin zobe ko a maƙullin sarƙa: 916, 875, 750 da 585. Ƙasashen Larabawa sun fi son karat 21, Indiya 22, Turai 18, Amurka kuwa 14. Kayan da ake dasa wa lu'ulu'u galibi na karat 18 ne ko 14, saboda sun fi riƙe dutsen. Launin ma daga haɗin yake fitowa: jan ƙarfe in ya yi yawa sai zinariyar ta ja, in kuma aka haɗa ta da fararen ƙarafa irin su faladiyam ko nikel sai ta yi fari, a ƙara shafa mata wani farin ƙarfe mai suna rodiyam a sama. Wannan shafen yana goguwa da sawa, sai an riƙa sabunta shi.

Lambar da ke jikin kaya da'awa ce kawai, sai in wata hukuma ta tabbatar da ita. Ingila ta kafa dokar tantance azurfa da zinariya tun shekarar 1300, zamanin Sarki Edward na Ɗaya, Indiya kuma ta wajabta hatimin hukuma a kan kayan zinariya daga watan Yunin 2021. Inda babu irin wannan tilas, gwaji ne abin dogaro. Tsohuwar hanya ita ce a goga kayan a kan baƙin dutse, a ɗiga ruwan asid a kan zanen da ya bari, a ga ko zai ɓace. Manyan shaguna suna da na'urar da ke karanta haɗin ƙarfen da haske, amma saman kaya kawai take gani, don haka abin da aka yi wa ruwan gwal mai kauri kan iya ruɗe ta. Narkawa a wuta ce gwajin da ba ya ƙarya, sai dai yana cinye ɗan yankin da aka gwada.

Aikin maƙeri

Zinariya tana narkewa a zafin digiri 1,064 na ma'aunin Salshiyos. Maƙeri yana narka ta a ƙaramin kasko mai jure wuta, ya zuba ta a mazubi ta daskare ta zama 'yar sanda. Daga nan ko dai ya buge ta a kan uwar maƙera, ko ya bi da ita ta injin matsa har ta zama falle. In waya yake so, sai ya riƙa jan ta da awartaki ta cikin wani farantin ƙarfe mai hudoji, daga babban huji zuwa ƙarami. Ƙarfe yana taurara in ana bugunsa, shi ya sa bayan kowane 'yan bugu sai an mayar da shi wuta ya yi ja, ya huce, kafin a ci gaba. Wanda ya yi gaggawa a nan zai ga zinariyar ta tsage a hannunsa.

Sarƙar hannu ita ce ma'aunin haƙurin maƙeri. Ana naɗe wayar a jikin siririn ƙarfe, a yanke ta ƙawanya-ƙawanya, a sarƙe kowace cikin 'yar'uwarta, sannan a liƙe bakin kowace ɗaya da wuta. Abin liƙin shi ma haɗin zinariya ne, amma wanda ke narkewa kafin jikin sarƙar ya narke. A nan ne ha'inci ya fi samun maɓoya: maƙerin da ba ya tsoron Allah zai cika mahaɗan da liƙi mai ƙarancin zinariya, sikeli kuwa ba ya bambanta liƙi da gwal. Ana kuma murɗa wayoyi masu siririn gashi a jera su kamar saƙa, aikin da maƙeran Senegal suka yi suna a kansa.

Hanya ta biyu ita ce zubi. Ana ƙera siffar da kakin zuma, a lulluɓe ta da yumɓu, a gasa har kakin ya narke ya fita, sannan a ɗura narkakkiyar zinariya a gurbin da ya bari. Sai an fasa yumɓun kafin a fitar da kayan, don haka kowane zubi ɗaya ne tilo. Da wannan dabara maƙeran Asante na ƙasar Ghana suka ƙera kayan sarautarsu na zinariya. Masana'antun zamani ma ita suke bi, sai dai kwamfuta ce ke zana siffar, inji ya fitar da kakin, a zuba ɗaruruwa iri ɗaya. Garuruwan Arezzo da Vicenza na Italiya sun shahara da sarƙoƙin inji. Wani abin da ake tallatawa da sunan aikin hannu a yau zubin inji ne da aka ƙarasa gogewa da hannu. Ba laifi ba ne a sayar da shi, laifin shi ne a karɓi ladan aikin hannu a kansa.

Dasa dutse wani fanni ne mai zaman kansa. Ana riƙe shi da 'yan farata huɗu ko shida da ake lanƙwasowa a kansa, ko a kewaye shi da bangon zinariya, ko a jera ƙanana dab da juna. Faratan suna barin haske ya ratsa dutsen, bangon kuma ya fi tsare shi daga faɗuwa. Ko garin da magagari ke zubarwa ba a barinsa: ana share shi, a tara, a sake narkawa. Ɗan abin da ya salwanta kuwa, a kasuwanni irin na Indiya, a kan mai saye ake lissafa shi.

Lu'ulu'u

Lu'ulu'u kabon ne a asalinsa, wato sinadarin da ke cikin gawayi, wanda zafi da matsi suka daskarar a can ƙarƙashin ƙasa, kuma babu wani dutse na halitta da ya kai shi tauri. Rasha da Botswana ne kan gaba wajen haƙo shi. Antwerp ta ƙasar Beljiyam tsohuwar cibiyar cinikinsa ce, amma mafi yawan duwatsun duniya a birnin Surat na Indiya ake yanka su a goge. Ɗanyen dutse kan rasa rabin nauyinsa ko fiye kafin ya zama abin dasawa.

Abubuwa huɗu ake dubawa, bisa tsarin da cibiyar nazarin duwatsu masu daraja ta GIA da ke Amurka, wadda aka kafa a 1931, ta yaɗa. Na farko nauyi, wanda shi ma karat ake ce masa, amma a nan karat ɗaya giram 0.2 ne, ba ruwansa da tsarkin zinariya. Na biyu launi, daga harafin D, mara launi ko kaɗan, zuwa Z mai ɗan rawaya. Na uku tsabta daga tabo, wadda ake dubawa da madubi mai girmama abu sau goma. Na huɗu yanka, kuma shi kaɗai ne aikin ɗan Adam a cikin huɗun. Yankan da'ira da aka fi sani yana da fuskoki 57 ko 58, kuma wani injiniya ɗan Beljiyam, Marcel Tolkowsky, ne ya fitar da lissafin kusurwoyinsa a 1919. Dutse mai kyan launi in an yi masa mugun yanka, haske zai zurare ta ƙasansa ya zama dishi-dishi. Masu saye sun fi tambayar nauyi, alhali yankan ne ke ba da ƙyallin da suke biya dominsa.

Farashinsa ba ya hawa daidai da nauyi. Dutse ɗaya mai karat guda ya fi biyu masu rabin karat tsada nesa ba kusa ba, don manya sun fi wuyar samu. Dillalai suna ciniki ne a kan wani jerin farashin lu'ulu'u da ake kira Rapaport, wanda aka fara fitarwa a 1978, suna ragi ko ƙari a kansa. Bayan yaƙe-yaƙen Saliyo da Angola, inda aka sayi makamai da kuɗin lu'ulu'u, an kafa Tsarin Kimberley, wata yarjejeniya tsakanin ƙasashe, a 2003 domin tantance asalin ɗanyen dutse.

Tun 1954 kamfanin General Electric ya yi nasarar haɗa lu'ulu'u a ɗakin gwaji. A yau ana yin manya masu kyau waɗanda ido ba ya bambanta su da na haƙa, sai na'ura, kuma farashinsu ya faɗi ƙasa sosai. Su lu'ulu'u ne na gaske, ba kamar zirkoniya da moisanait ba, waɗanda kama kawai suke yi da shi. Takardar shaida daga ɗakin gwaji mai zaman kansa ce ke fayyace wanne ne a hannu.

Lissafin farashi

Farashin zinariya na duniya ana faɗinsa da dala a kan oza ɗaya, wato giram 31.1, kuma ana tsayar da shi sau biyu a kowace ranar aiki a Landan. Oza ta haura dala 2,000 a watan Agustan 2020, ta haura 3,000 a watan Maris na 2025. A ce oza tana dala 3,000: giram ɗaya na tsantsa ya kama kusan dala 96 da rabi. Sarƙa mai giram 10 ta karat 21 tana ɗauke da giram 8.75 na tsantsa, wato kimanin dala 844. Duk abin da ya hau kan wannan, ladan ƙira ne da haraji da ribar mai shago. A Najeriya akwai ƙarin canjin dala, don haka gwal kan tashi a naira ko da bai motsa a Landan ba.

Ladan ƙira ana yanke shi ko dai a kan kowane giram, ko a matsayin kaso na kuɗin zinariyar, ko a dunƙule. Warwaron inji mara ado ladansa kaɗan ne, saƙar waya da dasa duwatsu kuwa ladansu na iya yin gogayya da kuɗin ƙarfen kansa. A kasuwar zinariya ta Deira da ke Dubai, farashin giram a bayyane yake a allo, ladan ƙira ne kaɗai ake tayawa.

Ranar da mai kaya ya tashi sayarwa, mai shago zai cire duwatsu, ya auna ƙarfen, ya biya kuɗin nauyi. Ladan ƙira ya tafi ke nan, lu'ulu'un kuma da wuya ya dawo da abin da aka biya. Saboda haka wadda take sayen gwal don ajiya, kaya mai nauyi mara yawan ado ya fi mata. Wadda take son aikin hannu kuwa, ta san cewa gwanintar mutum take saya, kuma wannan gwaninta ta cancanci ladanta ko da sikeli ba ya nuna ta. Ya kamata rasit ya rarrabe nauyin zinariya da na dutse, don kada a sayi gilashi da farashin gwal.

A ƙasar Hausa da hukuncin shari'a

A wajen matan Hausawa gwal ado ne kuma kadara. Masu hali suna sa saitin sarƙa da 'yan kunne a lefe, mace kuma takan sayar da nata in wata larura ta taso ko za ta ja jari. Mafi yawan wanda ke kasuwannin Kano da sauran birane shigo da shi ake yi daga Dubai da Saudiyya, duk da ana haƙar zinariya a Zamfara da yankin Jado na arewacin Nijar. Ɗanyar tana fita, ƙerarriyar tana shigowa, ladan ƙirar kuma yana zama a can.

Musulunci ya halatta wa mata sa zinariya, ya haramta wa maza. Nisabin zakkarta dinari 20 ne, kimanin giram 85, ana fitar da kashi 2.5 cikin ɗari in shekara ta zagayo. A mazhabar Malikiyya babu zakka a kan kayan adon da mace ta tanada don sawa, amma akwai a kan na kasuwanci, Hanafiyya kuwa ta wajabta a duka biyun. Musanyar zinariya da zinariya sai nauyi ya yi daidai, kuma hannu da hannu, shi ya sa malamai ke umartar mai son canja tsohon gwal da sabo ta sayar da tsohon ta karɓi kuɗinta, sannan ta sayi sabon. Game da kaya mai haɗe da duwatsu, Sahihu Muslim ya ruwaito cewa Sahabi Fadalatu ɗan Ubaidu ya sayi wani abin wuya mai zinariya da duwatsu a ranar Haibara kan dinari 12, da ya rarrabe shi sai ya tarar zinariyar ciki ta fi dinari 12. Da ya sanar da Annabi (SAW), sai ya hana a sayar da irinsa da zinariya har sai an rarrabe shi.