Wace ce Mokosh?

Mokosh sunan abar bauta ce ta mutanen Slab na gabas, kakannin Rashawa da 'yan Yukren da 'yan Belarus, tun kafin Kiristanci ya shiga ƙasarsu. Ita ake dangantawa da mata da aikin hannunsu: kaɗi, saƙa, askin tumaki, da ruwan rijiya.

Tsohon kundin tarihin Kiyef ya ce a shekarar 980 Sarki Biladimir ya kafa gumaka shida a kan tudu kusa da fadarsa. Babbansu Perun ne, na katako, mai kan azurfa da gashin baki na zinariya. Mokosh ce ta ƙarshe a jerin, kuma ita kaɗai ce mace. A 988 sarkin ya karɓi Kiristanci, aka farfasa gumakan, aka jefa Perun a kogin Dinipro.

Sai dai Mokosh ba ta tafi da wuri ba, domin ta riga ta shige ɗakunan mata. Har a ƙarni na 16, limaman coci suna tambayar matan da suka zo neman gafara ko sun je wurin Mokosh. Tambayar kaɗai ta isa shaida cewa ana zuwa.

A ƙauyukan arewacin Rasha na ƙarni na 19 kuwa ta koma wata aljana mai suna Mokusha, mai ƙaton kai da dogayen hannuwa, wadda ke yawo cikin dare. Mace ba ta kwanciya ta bar kayan kaɗinta a fili, don kada Mokusha ta zo ta taɓa su. In aka wayi gari tunkiya ta zubar da gashi, sai a ce Mokusha ce ta aske ta.

Masana da yawa suna ganin al'adunta sun koma kan wata waliyyiyar coci, Paraskeba Piyatnitsa, wadda ranarta Juma'a ce. Ran nan mata ba sa taɓa mazari, wai ƙurar kaɗi tana shiga idonta, kuma takan hukunta mai kunnen ƙashi da ciwon ido ko na yatsu. Wasu kan jefa zare ko ulu cikin rijiya a matsayin sadaka gare ta.

Yau sunan ya sake tashi a bakin mabiya Rodnoberi, masu farfaɗo da addinin gargajiyar Slab, har a kan sarƙoƙi da riguna. Suna nuna hoton mace mai ɗage hannuwa da ke jikin tsofaffin tawul masu ado, su ce ita ce. Wannan fassarar masanin tarihi Boris Ribakof ce, kuma abokan aikinsa da dama ba su yarda da ita ba. Ni ma na fi amincewa da tambayar limaman nan da labarin tunkiya, don su ne aka rubuta daga bakin mutanen da suka rayu da abin.