Na'urar gashin hannu bayan shanyewar ɓarin jiki: abin da masu ciwon ke faɗa mana

Mu da ke aiki a sashen gashi, wato inda ake motsa gaɓoɓin marasa lafiya don su dawo aiki, mun saba ganin wannan. Mutum ya samu shanyewar ɓarin jiki, ƙafa ta fara dawowa, yana takawa da sanda, 'yan uwa suna ta hamdala, amma hannu na nan a naɗe a ƙirji, yatsu a dunƙule. Sai a shiga neman na'ura. Ɗa ya sayo safar hannu mai buɗe yatsu da iska ta intanet, ƙani ya kawo injin da ke motsa tsoka da lantarki. Bayan wata biyu ka tambaya, a ce maka suna cikin kwali a ƙarƙashin gado.

Ba lalaci ba ne. Ka zauna da masu ciwon ka ji. Safar ba ta sakuwa sai da taimako, mai jinya kuwa ya fita nema. Robar ɗaure wuyan hannu tana kawo zufa da ƙaiƙayi a zafin bazara. Injin yana son caji, wuta babu. Magidanci yana jin nauyin zama cikin baƙi da abu a hannu. Abin da ya fi karya musu gwiwa kuwa, a yi sati uku ba a ga canji ba.

Asalin ciwon a ƙwaƙwalwa yake, inda hanyar jini ta toshe ko ta fashe, galibi saboda hawan jini. Ƙwaƙwalwa tana iya koyon aikin hannu sabo, amma sai da maimaitawa kullum, kuma an fi samun sauƙi a watanni 3 zuwa 6 na farko, ko da yake ƙofa ba ta rufewa bayan nan. Don haka safar da ke buɗe maka yatsu hankalinka yana kan rediyo amfaninta kaɗan ne. Kai za ka fara yunƙurin buɗewa, ita ta ƙarasa.

Waɗanda na ga sun dage, aikin da suke so suka haɗa da gashin: jan carbi, riƙe buta wajen alwala, saka maɓallin riga, ɗaura ɗankwali. Madubi ma kayan aiki ne. A tsayar da shi a tsakiya, hannu mai ciwo a bayansa, ka motsa mai lafiya kana kallon hotonsa kamar shi ne mai ciwon.

Ina roƙonmu da a kiyaye wasu abubuwa. Hannun da ya riga ya dunƙule buɗewa yake nema, kada a wuni ana ba shi ƙwallo yana matsawa. Kada a ɗaga mara lafiya ta hannun da ya shanye, kafaɗa tana iya gocewa. Hannun da ba ya jin zafi sosai, ruwan gashi yana ƙona shi mai shi bai sani ba, a fara gwadawa da hannu mai lafiya. Mai na'urar daidaita bugun zuciya ko mai farfaɗiya kada a sa masa injin lantarki sai likita ya yarda.

Akwai sashen gashi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Murtala a Kano, da na Shika a Zariya. Ranar da za ku zo, ku ɗauko kwalin nan duka, mu gwada a hannun tare, mu ga wacce za ta yi masa.