Ba ƙarya yake yi ba, shi ma ya yarda da maganarsa

Wani manomin shinkafa ya sayar da bijiminsa a kasuwar Jega ya sayi injin ban ruwa. Kafin sati biyu injin ya fara tari, yana fitar da hayaƙi baƙi ƙirin. Amma duk wanda ya tambaye shi sai ya ce, "Ai babu irinsa, man ne ba shi da kyau." 'Yan majalisar hira suka yanke cewa ƙarya yake, girman kai ne. An daɗe ana yi wa irinsa wannan fassara, kuma sau da yawa an zalunce shi.

Masanin halayyar ɗan Adam Leon Festinger na Amurka ya bayyana lamarin a 1957. Idan aikin mutum ya ci karo da yadda yake ganin kansa, zuciya ba ta samun sukuni. Manomin ya san kansa mai lissafi ne, bijimi kuma ba ya dawowa, sai ra'ayin ya lanƙwasa ba tare da ya lura ba.

A wani gwaji da suka wallafa a 1959, Festinger da abokin bincikensa James Carlsmith sun ba ɗaliban Jami'ar Stanford aiki mai gundura, sannan suka biya su don su gaya wa wani cewa aikin yana da daɗi. Wasu dala 1, wasu dala 20. Masu dala 20 sun san kuɗi ne ya sa su faɗi hakan. Masu dala 1 ba su da wannan madogara, kuma su ne daga baya suka fi cewa aikin ya yi musu daɗi da gaske.