Kifi ba ya magana, amma ruwan da yake ciki na yi

Salamu alaikum 'yan uwana masunta na Argungu da Yauri, da ku manoman shinkafa na fadama, don maganar ta shafe ku ku ma.

Mu dai mun saba ba mu sanin ruwa ya lalace sai mun wayi gari mun ga karfasa da tarwaɗa sun taso ciki sama, to lokacin kuma aikin gama ya gama. Alhali kifin ya daɗe yana shan wahala, ba ya cin abinci sosai, ba ya girma, ƙwansa ba ya ƙyanƙyashewa, mu kuma muna ta cewa bana ruwa bai yi albarka ba.

To akwai hanyar da masu bincike ke gane halin da kifi ke ciki daga ruwan kansa. Kun san yauƙin nan da ke maƙale maka a hannu in ka kama tarwaɗa? Kullum kifi na zubar da shi cikin ruwa, haɗe da kashinsa da ɓawon jikinsa, kuma a ciki akwai ƙwayoyin halittarsa, waɗanda ke ɗauke da bayanin gadonsa da ake kira DNA. Masu bincike sai su ɗebi ruwa a kwalba, su tace da wata 'yar matata mai ƙananan ƙofofi, su kai lab su sa a injin PCR, irin dai wanda aka yi gwajin korona da shi. DNA ɗin da suka samu shi ke nuna wane kifi ne a wurin, ko giwan ruwa ko ragon ruwa, ba tare da an jefa koma ba. A Faransa aka gwada haka a 2008, da kwaɗi ma aka fara.

Amma wanda ya fi burge ni shi ne RNA, wato saƙon da DNA ke aikawa don jiki ya ƙera wani sinadari. Shi saurin lalacewa gare shi, don haka in an same shi labarin yanzu-yanzu yake bayarwa. Kifin da dalma ko wani ƙarfe mai guba ya shiga jikinsa yakan ƙara ƙera wani sinadari na kare kansa, wanda mai ko fetur ya dama kuma wani daban yake ƙerawa, to wannan saƙon ake son karantawa a ruwan. Har yanzu dai yawancin gwajin a tankunan lab ake yi, kar wani ya ce na ce gobe za a kawo shi kogin Matan Fada na Argungu.

Mu da muka ga abin da dalmar da ke cikin duwatsun zinari ta yi a Anka da Bukkuyum a 2010, yara sama da 400 suka rasu, wallahi bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Shekaranjiya da idona na ga wani yaro ya gama feshi ya tsoma tankin cikin kogi yana ɗauraye shi, ruwan ya yi fari kamar nono, ƙasa kaɗan mata na ɗiba. Don Allah a wanke tankin feshi nesa da gaɓa, a bar zuba gamalin, maganin ƙwarin nan, don kama kifi, masu wankin zinari su haƙa raminsu daban. In kun ga kifi na ta haki a saman ruwa ku sanar da Sarkin Ruwa da malamin gona a ranar, kuma kifin da ya mutu da kansa kar a banda shi a kai kasuwa.